Ƙin yin soyayya da wanda ya sauya jinsi: ƙyama ce ko zaɓin zuciya?

Tauraruwar Asuba ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa maza da mata.

Akwai maganar da ta tsaya mini a rai kusan mako biyu ke nan, kuma na ga gara in kawo ta gabanku da in ci gaba da juya ta ni kaɗai. Ina cikin wani rukunin ɗalibai a intanet wanda ya haɗa mutane daga ƙasashe da dama, masu addinai daban-daban, har da waɗanda ba su bin kowane addini. Wata rana hira ta gangaro kan manhajojin neman masoyi, sai wani saurayi ya rubuta cewa shi ba zai iya yin soyayya da wadda aka haifa namiji ta sauya jinsi zuwa mace ba. Bai zagi kowa ba, bai yi ba'a ba, jimla ɗaya ya rubuta ya yi shiru. Nan take mutum uku suka yi masa caa, suna cewa abin da ya faɗa ƙyamar masu sauya jinsi ce tsagwaronta, kuma babu bambanci tsakaninsa da mai nuna wariyar launin fata.

A lokacin tausayinsa ya kama ni, domin na ga an ɗora masa laifin da bai aikata ba. Amma ba a daɗe ba sai waɗanda suka zo kare shi suka fara nasu. Wani ya ce irin waɗannan mutane mayaudara ne gaba ɗayansu, wani ya ce abin ƙazanta ne, wani kuma ya sa hotunan izgili waɗanda ba zan iya siffanta su a nan ba. A cikin rukunin akwai wata ɗaliba da ta taɓa gaya mana, watanni kafin wannan rana, cewa ita mai sauya jinsi ce. Ita ce ta zauna da ni dare uku tana koya mini lissafin ƙididdiga lokacin da jarrabawa ta sa ni gaba. Ba ta taɓa neman kowa a cikinmu da soyayya ba, kuma ba ta sa baki a gardamar ba. A daren ta fita daga rukunin ba tare da ta ce uffan ba.

Tambayata ita ce: shin ƙin yin soyayya da mai sauya jinsi shi kansa ƙyama ce? Idan ba ƙyama ba ce, a ina zaɓin zuciya yake ƙarewa, a ina kuma wulaƙanci yake farawa? Ba ina neman a yi mini muhawara kan halacci ko haramcin sauya jinsi ba ne, domin kowa yana da matsayarsa a kan wannan, ni ma ina da tawa. Abin da nake so in gane shi ne yadda mutum zai riƙe zaɓinsa ba tare da ya zama sanadin abin da ya faru da waccan baiwar Allah ba.

Malam Mai Nazari ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kin yi tambaya mai kyau, kuma yadda kika tsara ta ya nuna kin riga kin hango rabin amsar.

Ni a ganina, ƙin amincewa da soyayyar wani haƙƙi ne da ba ya buƙatar hujja. Jikin mutum da zuciyarsa ba dukiyar jama'a ba ce da za a ce a raba ta bisa adalci. Idan mai kamfani ya hana mutum aiki saboda jinsinsa, ko mai gidan haya ya hana shi ɗaki, ko likita ya ƙi duba shi, to an hana shi abin da yake da haƙƙi a kansa kamar kowa, kuma wannan shi ne asalin wariya. Amma babu mahalukin da yake bin wani bashin so. Duk ranar da aka fara cewa sai mutum ya kawo gamsasshen dalili kafin a karɓi "a'a" ɗinsa, to an buɗe ƙofar da mata ne za su fi kowa cutuwa da ita, domin su ne aka fi matsa wa da tambayar "me ya sa ba kya so na?" tun fil azal. Saboda haka waɗannan mutum uku da suka far wa saurayin sun yi kuskure, ko da kuwa niyyarsu kare wani ne.

Bari in kawo alƙaluma, domin suna taimakawa wajen rage zafin magana. Wasu masu bincike biyu daga Kanada, Karen Blair da Rhea Ashley Hoskin, sun wallafa wani nazari a 2018 wanda suka tambayi mutum 958 irin waɗanda za su iya yin soyayya da su. Kashi 87.5 cikin 100 ba su sa masu sauya jinsi a cikin zaɓinsu ba. A cikin mazan da ke neman mata kawai, kimanin kashi 3 ne suka amince. A cikin matan da ke neman maza kawai, ƙasa da kashi 2 ne. A cikin matan da ke neman mata 'yan'uwansu, kimanin kashi 29 ne. Yawancin waɗanda aka tambaya daga Kanada da Amurka suke, wato ƙasashen da doka da jama'a suka fi sassauci a kan lamarin.

Ana iya karanta waɗannan alƙaluma ta fuska biyu, kuma ina ganin duka biyun gaskiya ne. Ta fuska ta farko, idan kusan mutum tara cikin goma suna da wannan zaɓi, to kiran kowannensu maƙiyi yana zubar wa kalmar "ƙyama" da nauyinta, har ta zama idan an ga maƙiyi na gaske ba a da sunan da za a kira shi da shi. Ta fuska ta biyu, ki sa kanki a matsayin wadda ta san cewa cikin kowane mutum goma da za ta haɗu da su, tara sun riga sun cire ta daga lissafi tun kafin su ji muryarta. Wannan kaɗaici ne mai tsanani, kuma wanda bai ji tausayin mai fama da shi ba, to akwai abin da ya bushe a zuciyarsa. Tausayi dai ba ya wajabta soyayya, amma yana wajabta tauna magana kafin a furta ta.

A nan ne nake ganin iyakar da kike nema. Wanda aka nema ya ce "na gode, amma ba na ra'ayi," ya yi amfani da haƙƙinsa. Wanda ya ce "irinku ƙazamai ne, mayaudara," ya bar maganar kansa ya koma yanke wa dubban mutanen da bai sani ba hukunci. Na farkon yana bayyana abin da zuciyarsa take so, na biyun yana rage wa wasu darajar ɗan'adamtaka. A rukuninku an faro da na farko aka ƙare da na biyu, kuma na biyun ne ya kori abokiyarki.

Hasken Fitila ta amsa:

Malam, na yarda da kai ɗari bisa ɗari cewa ba a tilasta wa kowa so, kuma ba zan taɓa goyon bayan a matsa wa wani ba. Sai dai da izininka, ina ganin ka wanke saurayin nan fiye da yadda ya kamata, kuma ka ɗauki zaɓin zuciya kamar wani abu ne da ya faɗo daga sama, alhali kuwa shi ma yana da tarihi.

Mu ɗauki launin fata. A 1958, da cibiyar Gallup ta tambayi Amurkawa ko sun amince da aure tsakanin baƙar fata da farar fata, kashi 4 cikin 100 ne kawai suka amince. A 2021 adadin ya kai kashi 94. A tsakanin waɗannan shekaru akwai hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1967 wanda ya rushe dokokin jihohin da suka haramta irin wannan aure. A Afirka ta Kudu an kafa dokar hana auren gauraye a 1949, ba a soke ta ba sai a 1985. Da a ce an tambayi wani farar fata a 1958 me ya sa ba zai auri baƙar mace ba, da ya rantse cewa zuciyarsa ce kawai ba ta kwanta ba, kuma wataƙila da gaskiyarsa ta fuskar abin da yake ji. Amma wa ya raini wannan zuciyar? Dokoki ne, da makarantu, da hotunan da ya tashi yana gani, da maganganun da ya ji a bakin manya. Ko a zamaninmu, alƙaluman da manhajar OkCupid ta fitar a 2014 sun nuna cewa mata baƙar fata da maza 'yan Asiya ne suka fi samun ƙarancin maki daga masu neman masoyi. A matsayina na baƙar mace, ba zan yarda a ce mini wannan gamon jini ne kawai ba.

Na san kwatancen bai yi daidai ta kowace fuska ba, kuma ba zan ɓoye hakan ba. Launin fata ba ya taɓa maganar haihuwa ko ta halittar jiki, ita kuwa sauya jinsi tana taɓa su, kuma sha'awar yawancin mutane a ɗaure take da jiki. Wanda ya ce dalilinsa ke nan, na karɓa. Amma abin da nake nufi shi ne, haƙƙinka na cewa "a'a" bai hana ka ka tambayi kanka, kai kaɗai a ɗakinka, daga ina wannan "a'a" ta fito ba. Wani idan ya bincika zai tarar da dalili na jiki ko na aƙida. Wani kuma zai tarar da cewa tsoron abin da abokansa za su ce ne, ko kuma wani ƙyanƙyami da aka cusa masa wanda yake bin sa har wurin aiki da aji, inda babu maganar soyayya ko kaɗan. Wannan na biyun ne abin dubawa, domin ba a kan soyayya kawai yake tsayawa ba.

A binciken da ka kawo ma akwai abin da ya ja hankalina. A cikin waɗanda suka amince za su iya, an fi karɓar waɗanda suka sauya zuwa maza a kan waɗanda suka sauya zuwa mata, har a wasu rukunonin da ba a zaci haka ba. Masu binciken sun danganta hakan da raina duk abin da ya shafi mace. Idan da halitta ce zalla take aiki, da wuya a ga irin wannan karkata.

Sai kuma maganar saurayin. Wa ya tambaye shi? Babu wadda ta neme shi da soyayya a rukunin. Ya san akwai mai sauya jinsi a cikinsu tana karantawa, ya tashi ya yi shela. Ni ma akwai irin mazan da ba zan taɓa aura ba, amma ba na shiga taron da na san ɗaya daga cikinsu yana zaune in sanar da hakan ba tare da an tambaye ni ba. Magana zarar bunu ce. A farkon 2021 wani yayi ya ɓarke a TikTok inda wasu suka ƙirƙiro wa kansu suna da tuta don kawai su bayyana cewa ba sa soyayya da masu sauya jinsi. Mutumin da zaɓinsa kawai yake karewa ba ya buƙatar tuta, domin babu wanda ya ƙwace masa zaɓin.

Bawan Allah ya amsa:

'Yar'uwa Hasken Fitila, ni na yi wannan binciken da kike magana a kai, kuma amsar da na samu ba ta canja ba. Addinina bai yarda mini da irin wannan aure ba, kuma ina son 'ya'yan da za su fito daga jikina da na matata. Ba na jin kunyar waɗannan dalilai, kuma ba zan yarda a ce mini cuta ce a ƙwaƙwalwata ba. Kalmar da Turawa suke amfani da ita a wannan muhawara, wato "transphobia", asalinta daga tsoro mai kama da ciwo ne, kuma ana jifan mutane da ita ne don a rufe musu baki. Wannan yana sa wanda da zai saurara ya toshe kunnensa.

Amma zan faɗi abin da ya wajaba a kaina in faɗa. Addinin da ya hana ni wancan shi ne kuma ya hana ni izgili, da zagi, da bin diddigin asirin mutane, da yi wa jama'a guda ƙazafi saboda laifin mutum ɗaya. Waɗanda suka sa hotunan ba'a a rukuninku ba addini suka kare ba, son zuciyarsu suka bi. Da ina wurin, da na goyi bayan saurayin a kan haƙƙinsa, na kuma tsawata wa masu zagin a numfashi guda. Malama Tauraruwa, wadda ta hana idonta barci dare uku don ki ci jarrabawa tana da haƙƙi a kanki, ko mene ne ra'ayinki a kan rayuwarta.

Ɗalibar Shari'a ta amsa:

Ina so in tsaya a kan kalma ɗaya da aka ambata a tambayar, wato "mayaudara," domin a ganina ita ce kalma mafi haɗari a duk wannan muhawara, kuma an zubar da jini a kanta.

A watan Oktoba na 2002, a jihar Kalifoniya ta Amurka, wasu samari suka kashe wata matashiya mai sauya jinsi 'yar shekara 17 mai suna Gwen Araujo, bayan sun gano a wurin wata liyafa cewa namiji aka haife ta. A kotu lauyoyin da ke kare su sun yi ƙoƙarin nuna cewa firgici da jin an yaudare su ne suka tunzura su, don a rage musu nauyin laifi. Shari'ar farko ta ƙare ba tare da masu taya alƙali yanke hukunci sun cim ma matsaya ba, sai a ta biyu a 2005 aka samu biyu daga cikinsu da laifin kisa. A 2014 Kalifoniya ta zama jiha ta farko a Amurka da ta haramta kafa irin wannan hujja ta firgici. A wannan shekarar ce kuma, a watan Oktoba, wani sojan ruwan Amurka ya kashe Jennifer Laude a birnin Olongapo na ƙasar Filifin, shi ma ya ce ya yi hakan ne bayan ya gano ko wace ce ita. An same shi da laifi a 2015, sannan shugaban ƙasar na lokacin, Duterte, ya yi masa afuwa a 2020. Ƙungiyar TGEU da ke Turai, wadda take tattara rahotannin kisan masu sauya jinsi tun 2008, ta ƙirga fiye da mutum 5,000 zuwa 2024, kuma waɗanda labarinsu ya fito ke nan kawai.

Na kawo waɗannan ne don a gane tsaka mai wuyar da mutanen nan suke ciki. Idan mai sauya jinsi ta bayyana kanta tun a shafinta na manhaja, tana iya fuskantar zagi daga baƙi, ko a kai ƙararta ga masu manhajar har a rufe mata shafi ba tare da ta yi laifi ba, abin da masu amfani da manhajar neman masoyi ta Tinder da dama suka yi ta kuka a kansa, ko kuma labarin ya kai wurin aikinta. Idan ta jinkirta sai an saba, sai a ce ta yi yaudara, kuma a wannan lokacin tana iya kasancewa ita kaɗai a ɗaki da mutumin da ransa ya ɓaci. Duk wanda yake yaɗa cewa dukkansu mayaudara ne, yana shimfiɗa wa mai kisa na gaba uzuri ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Duk da haka ni ina da ra'ayin cewa bayyanawa wajibi ce kafin a kai ga kusantar jiki ko alƙawarin aure, kuma a nan na saɓa wa wasu masu fafutuka. Yarda ba ta cika idan an ɓoye abin da aka san zai iya sauya ta. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila da Wales ta yanke a 2013, a shari'ar da aka fi sani da McNally, cewa yaudara da gangan a kan jinsi tana iya rushe yardar da aka bayar. An soki wannan hukunci sosai, musamman a kan yadda za a bambanta yin shiru da yin ƙarya, kuma sukar tana da tushe. Amma ko ba don doka ba, gaskiya tun da wuri, a wurin da yake da aminci, ta fi wa kowane ɓangare alheri. Abin da ya rage shi ne a samar da yanayin da faɗin gaskiyar ba zai jawo wa mutum duka ko tonon asiri ba, kuma wannan nauyi a kanmu yake, mu masu rinjaye. Idan aka gaya maka, ka ce ba ka ra'ayi, ka riƙe amanar, ka tafi. Ɗaukar hoton hirar a watsa wa abokai cin amana ne.

Game da matsin lamba kuma, kada mu yi kamar babu shi. Akwai matan da ke neman mata 'yan'uwansu waɗanda suka ce an kira su maƙiya don sun ƙi, kuma wanda aka yi wa haka an zalunce shi. A watan Oktoba na 2021 BBC ta wallafa wani rahoto a kan wannan, wanda ya jingina da wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta mutum 80 kacal da wata ƙungiyar fafutuka ta gudanar. Ƙorafe-ƙorafe suka yi yawa, kuma a 2022 sashen sauraron ƙorafi na BBC ya amince cewa rahoton ya gaza cika ƙa'idar daidaito a wasu wurare, aka sauya masa kanu. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, labaran matan na iya zama gaskiya, amma mutum 80 da suka zaɓi kansu ba za su nuna yawan abin ba, kuma ba adalci ba ne a shafa wa kowa laifin 'yan kaɗan. Ƙidayar Kanada ta 2021 ta nuna cewa kimanin mutum ɗaya ne cikin 300, daga shekara 15 zuwa sama, yake mai sauya jinsi ko wanda bai ɗauki kansa namiji ko mace ba. Galibin masu zafafa murya a intanet kan wannan batu ba su taɓa samun tayin soyayya daga irin wannan mutum ba, kuma da wuya su samu har ƙarshen rayuwarsu.

Malam Mai Nazari ya sake amsawa:

Malama Hasken Fitila, na karɓi gyaranki a kan shelar da ba a tambaya ba. Na duba jimlar saurayin ita kaɗai, ke kuma kin duba wurin da aka faɗe ta da wadda take sauraro, kuma naki duban ya fi cika. Inda har yanzu nake da ja shi ne, binciken kai da kike kira gare shi dole ne ya kasance na mutum da kansa, kuma dole ne a yarda cewa yana iya ƙarewa da "a'a" kamar yadda ɗan'uwanmu Bawan Allah ya nuna. Idan aka ce wa mutum ya binciki zuciyarsa, amma an riga an tanadi amsa ɗaya tak da za a karɓa daga gare shi, to matsin lamba ne aka sa masa rigar nasiha.

Tauraruwar Asuba ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Na karanta kowace amsa fiye da sau ɗaya.

Maganar Yaya Bawan Allah ce ta fi sukata, domin a daren da abin ya faru ina kan intanet, ina karanta komai, kuma ban rubuta ko kalma ɗaya ba. Na gaya wa kaina cewa ba na so in shiga rigima, amma gaskiyar ita ce na ji tsoron idan na tsawata wa masu zagin za a ce na goyi bayan abin da ban goyi baya ba, idan kuma na kare saurayin za a sa ni a sahun masu zagin. Ban ga cewa ana iya yin duka biyun a jimla guda ba sai yanzu.

Jiya da daddare na aika mata saƙo ta akwatinta. Ban yi mata wa'azi ba, ban kuma yi mata ƙaryar cewa ra'ayinmu ɗaya ne a kan komai ba. Na ce mata abin da aka rubuta a kanta zalunci ne, na ba ta haƙuri a kan shirun da na yi, na kuma gaya mata sakamakon jarrabawar da ta taimake ni a kai, domin ya fito bayan tafiyarta kuma ba ta sani ba. Ta karanta, ba ta amsa ba tukuna, kuma ba zan matsa mata ba.

Na kuma rubuta wa masu kula da rukunin ina neman a cire hotunan izgilin, waɗanda har yanzu suna nan. Ɗaya daga cikinsu ya ce idan aka cire su, sai an cire saƙonnin waɗanda suka kira saurayin maƙiyi su ma, don kada a ce an yi son kai. Yaya Ɗalibar Shari'a, a nan nake neman shawararki: ni ina ganin duka biyun kuskure ne amma nauyinsu ba ɗaya ba ne, domin ɗaya zargi ne da aka yi wa mutum ɗaya a kan maganar da ya faɗa, wanda yana nan kuma ya iya kare kansa, ɗayan kuwa cin mutunci ne ga wadda ba ta ce komai ba. Ta yaya zan tsara masa wannan bayani yadda zai fahimta ba tare da ya ɗauka ina neman a hukunta ɓangare ɗaya ne kawai ba?